Gaisuwa a Kan Taya Ɗaya

Yanzu idan na zauna a ƙofar gida da hantsi, a gefen hanyar da ke gangarawa fadama, ba abin da kunnena ke ji sai kukan babura. Yaro zai taho a guje, ya hango ni, ya danna hon, ya wuce ya bar ni da hayaƙi. Wai ya gaishe ni ke nan. Har yau ban san yadda ake amsa hon ba. Wani lokaci in ɗaga hannu, wani lokaci in ce wa iska lafiya lau, in kuwa tsufa ya motsa sai in yi kamar ban ji ba. Ba na cewa yaran ba su da tarbiyya, don da yawansu a gabana aka raɗa musu suna, kuma in sun same ni a masallaci har ƙasa suke durƙusawa. Abin hawan ne ya sauya, ya tafi da wani abu da ban san sunansa ba. A zamaninmu keke ne, kuma keke yana da ladabi. Tun daga nesa za ka ji shi yana tafe, sarƙa tana kuka, kwanon abinci yana kaɗawa a kan kariya, sa'an nan ka ji birki, ka ji ƙafa ta taɓa ƙasa. Ba a wuce babba a kan keke. Kana hango rawani ko furfura za ka sauka, ka tura abinka, ka durƙusa da hannu ɗaya a jikin keken, a gaisa har a gama, sai ya ba da baya ka hau. Mahaifina yakan ce keke aron ƙafa ne, in ka ga na gaba da kai ka mayar da ta Allah ƙasa.

Abin da ya tono mini wannan duka, kwanan baya ne a majalisar mai shayi wani ya miƙo mini waya ya ce in ga abin mamaki. Wasu mutane ne a wata ƙasa, kan ƙananan kekuna marasa sirdi, sun ɗaga tayar gaba sama suna tsalle a kan ta baya, daga wannan dutse zuwa wancan, kamar fara. Aka ce gasa ce har da alƙalai, kuma duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa an ci shi. Na kalla har ya ƙare, na ce ai ni ma na yi wannan. Majalisa ta fashe da dariya, wani ya ce to a kawo wa Baba keke. Ban yi musu ba, don mutumin da sai ya dafa bango yake tashi ba shi da bakin gardama a kan tsalle. Amma na dawo gida abin yana juya mini a kai, kuma tun daga ranar bai sake ni ba.

Lokacin da nake magana a kai gemu ya fara tsiro mini, kuma ba a daɗe da fara sako ruwan dam na Goronyo da rani ba. Kafin nan, in an gama kaka an kai gero da dawa rumbu, rabin samarin garinmu Sisawa cin rani suke tafiya, gari ya rage daga tsofaffi sai awaki. Da ruwa ya samu sai fadamar Wurno ta koma kamar gari na biyu. Albasa nan, tafarnuwa can, shinkafa a kwari, kowa da fangalinsa. Tun sanyin safiya ake buɗe ruwa da fartanya, a toshe wannan baki da laka a buɗe wancan, kwaɗi na kuka, balbela na bin mutum a baya kamar ta ba shi ajiya. Ba injin ban ruwa ko ɗaya, don haka mutum yana iya jin tarin maƙwabcinsa daga gona ta uku. Warin albasa kuwa ya shiga tufafinmu har ranar Juma'a ba ya fita. Aikina a cikin wannan duka shi ne kai abinci. In hau keken mahaifina da kwanon tuwo da goran fura, in gangara. Matsalar ita ce tsakanin gida da gonarmu magudanan ruwa sun yanke hanya ba iyaka, kuma a bakin kowace sai na sauka, na saɓa keken a kafaɗa, na tsallaka, na sake hawa. Kafin in isa miya ta kwanta, fura ta yi rabi, ni kuma na yi gumi kamar ni na haƙa magudanan.

Gonar da ke jikin tamu ta Baba Ladan ce, wani dattijo dogo mai ƙarancin magana, wanda ko liman yakan gyara zama in ya shigo. Ɗiyarsa Hajo ita ke kawo masa abinci a ƙafa, ƙwarya a ka, kuma ita nake so. Kowa ya sani, ita ma ta sani, haka kuma wani ɗan Kagara mai fataucin albasa da raƙuma, wanda shi ma ya riga ya aiko da magana. Baba Ladan bai ce wa kowa e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai an cire albasa. Wato daga lokacin har ranar, ni da ɗan Kagara muna kan sikeli, kuma shi yana da raƙuma, ni kuwa ko keken ba nawa ba ne. Hajo ba ta taimaka mini ba ko kaɗan, don Allah bai yi mace mai tsokana kamarta ba. Wata rana ta same ni a tsakiyar magudana, wando a naɗe, keke a wuya, ta tsaya ta kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Wai kai ka hawan keken ga, ko shi ka hawan ka?"

Ta tsallake ruwan da ƙwaryarta ko ɗigo bai zuba ba, ta yi gaba abinta. Ni kuwa maganar ta kwana tana cizona.

Wanda na kai wa kukana shi ne Labbo, ɗan kawuna, taubashina. Da na nemi shawarar wani da ya fi, amma da na sani ƙeya ce. Labbo ya girme ni, ya yi cin rani a kudu, kuma a can ya ga 'yan wasan keke a bakin wata kasuwa, ya dawo da abin a kansa. Yana da wani tsohon keke da ya tuɓe shi tsirara, ba kariya, ba abin tare laka, ba ƙararrawa, har sirdin ya cire. Da shi yake tsallake magudana ba ya sauka. Zai taho a hankali, ya ɗaga gaba, ya tsaya a kan tayar baya yana ɗan tsalle a wuri ɗaya kamar mai jiran wani, sa'an nan ya tunkuɗa feda, sai ka gan shi a wancan gefe. Tsofaffi suna cewa iskokai ne, yara suna bin sa da gudu. Da na ce ya koya mini, sai ya ce shi ba ya koya wa bawansa sana'a kyauta, sai na yi mako ina kai masa fura. Na kai.

Wahalar koyo wurin taubashi ita ce ba ka taɓa sanin lokacin da yake gaskiya da lokacin da yake wasa da hankalinka ba. Ranar farko ya ba ni kekensa, ya rage iskar tayar baya har ta yi laushi, na ɗauka mugunta ce, ashe don ta riƙe ƙasa ne. Ya ɓanɓaro kwalta daga bakin titi ya goga a ƙarfen da birki ke kamawa, na ɗauka gaskiya ce, to gaskiyar ce, amma bai gaya mini birkin zai riƙa ihu kamar an taka wutsiyar kare ba. Ya sa ni na yi yini ina tsaye a kan feda da ƙafar dama a gaba, ya dawo ya ce ai ni bahago ne a ƙafa, in sauya. Har yau ban san ko akwai bahagon ƙafa a duniya ba. Bayan haka ya mirgino wani kututturen giginya a bayan gari, ya ce in ɗora tayar gaba a kai, in danne birkin baya, in tura gindina baya har ya yi daidai da tsakiyar taya, in riƙa tsalle ƙanana-ƙanana ni da keken tare. Gwiwa ta lanƙwashe, hannu ya miƙe, yatsun ƙafa su kalli ƙasa su ƙanƙame feda. In na gyara gwiwa hannu ya ɓaci, in na gyara hannu sai in tuna ban numfasa ba.

"Riƙe birki awa ka kama ɓarawo," in ji shi. Na riƙe. "To, sake shi."

Na ce wanne zan yi a ciki, riƙewa ko sakewa.

"Duka biyu. Mi kaka son in ƙara hwaɗa maka? Kuma kak ka dubi taya. Taya ta san inda take, kai na ba ka sani ba."

Na faɗi ta baya har sai da bayana ya san kowace tsakuwa a wurin. Na faɗi ta gefe, feda ta sassaƙe mini ƙwauri, tabon yana nan har gobe. Innata ta tambayi abin da ke cin ƙafafuna, na ce kaikayin ruwan fadama ne, ta kalle ni kallon wanda bai iya ƙarya ba ta miƙo mini man kaɗanya. Labbo kuwa yana zaune a inuwa yana shan furata, in na faɗi ya ce madalla, an kusa. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne duk bayanin da ya yi mini ba wanda ya shiga. Ranar da abin ya zo, ban yi tunanin gwiwa ko hannu ba. Na gaji ne kawai, na zuba wa wata tsamiya ido, ina tsalle, sai na ji tayar gaba ba ta kan kututturen. Tana sama ita kaɗai, keken ya yi sakayau kamar ba ƙarfe ba, ni da shi mun zama abu guda. Daɗin da na ji a ranar ban sake jin irinsa ba sai ranar da aka ce an haifa mini ɗan fari. Na juya in gaya wa Labbo, sai ga ni a ƙasa.

Daga nan sai tafiya gaba. Ka saki birki kaɗan, ka tunkuɗa fedar gaba da ƙarfi kamar mai shurin ƙofa, keken ya zabura, kana sauka ka sake damƙe birki. A nan na gane abin da yake nufi da duka biyu, ko kuma na ɗauka na gane. Sannu a hankali na fara tsallake layin da ya ja a ƙasa, sa'an nan ƙaramin rami, sa'an nan magudana ta gaske a ranar da ba ruwa. Saura abu biyu, komawa da baya da kuma juyawa gefe kana sama. Na ce ya koya mini, ya ce gobe. Gobe ta yi ya tafi kasuwar Goronyo, jibi ya ce kansa na ciwo. Ni kuma ga albasa ta fara kwantar da ganye, lokaci yana ƙurewa, kuma na ga raƙuman ɗan Kagara a ƙofar gidan su Hajo. A wautata na ɗauka in ta gan ni na tsallake ruwa a kan taya ɗaya, maganar raƙuma ta mutu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ubanta zai ce ba.

Wata rana bayan azahar na ari keken Labbo na gangara, don na san lokacin take komawa gida. A kusurwar gonar Baba Ladan akwai shingen kara da ya kafa don tare iska, kuma a gabansa magudana cike da ruwa, sa'an nan wani siririn tudu da bai fi faɗin tabarmar yaro ba. Hagun tudun ruwa ne, damansa kuwa fangalin da Baba Ladan ya bar albasar iri, wadda ta fitar da farin kai, wadda shukar baɗi gaba ɗaya ta dogara a kanta, wadda ko akuya ta kalla sai an yi shari'a. Na hango mayafin Hajo ta tsakanin karan. Na ce bismilla, na ɗaga gaba, na daidaita, na tunkuɗa. Wallahi tsalle ne mai kyau, ban taɓa yin kamarsa ba. Na dira a kan tudun da tayar baya, birki ya yi ihunsa, gaba tana sama. A daidai wannan lokaci Baba Ladan ya fito daga bayan shingen, ya tsaya a gabana, tayar gaba tana lilo daidai rawaninsa.

Ga dai yadda abin yake, don na sha lissafa shi a raina. In na sauke gaba, a kansa za ta sauka. In na diro ta baya yadda Labbo ya koya mini, keken zai kuɓuce ya tafi gaba, a kansa dai. Baya ban iya ba, juyawa ban iya ba. Dama albasar iri, hagu ruwa. Kuma ga babba a gabana, ba kowane babba ba, wanda nake so ya zama surukina, ni kuma ina sama da shi, ƙafafuna ba su ko kusa da ƙasa. Abin da kawai na iya shi ne in ci gaba da tsalle a wuri ɗaya, don da na tsaya zan faɗi. Bakina kuma ya yi abin da ya saba tun ina yaro. Na ce, "Barka da rana, Baba," kowace kalma da nata tsallen.

Bai matsa ba. Bai ɗaga kai ya kalli tayar ba. Ya zuba hannuwansa a baya ya ce, "Barka kadai. An wuni lahiya?"

Na ce lafiya lau. Ya tambayi gajiya, na ce babu gajiya, alhali cinyoyina sun fara rawa. Ya tambayi aiki, na ce da godiya. Ya tambayi mutanen gida, ya tambayi mahaifina, ya tambayi ƙafar mahaifina da ta yi ciwo tun damina, ya tambayi innata. Birki yana ihu tsakanin tambaya da amsa, gumi yana shiga idona, ina kallon rawaninsa yana hawa yana sauka. Duk wanda ya san gaisuwar mutanenmu ya san ba ta da ƙarshe sai babba ya ga dama, kuma yaro ba ya yanke ta. Na riƙa addu'a ya ce madalla ya kauce. Sai na ji ya ce, "Ruwa ya kai wajenku jiya?"

A nan ƙarfina ya ƙare. Hannuna ya mutu a kan birki, na ji keken zai tafi gaba, sai na tattara abin da ya rage mini na jefa kaina da shi hagu. Ruwan bai da zurfi, laka ce ta yi yawa. Na tashi zaune a ciki, keke a kan ƙirjina, ganyen ruwa a kunnena, na yi ƙoƙarin durƙusawa a hakan don dai a ce na durƙusa. Baba Ladan ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "To, a gai da gida." Ya bi tudun ya wuce a hankali. Hajo kuwa ban ga ko inuwarta ba.

Kafin magariba labari ya riga ni gida. Mahaifina bai buge ni ba, na girmi duka, amma ya ce mini abin da ya fi duka, ya ce shi bai san ya haifi ɗan da zai gai da Ladan daga sama ba. Ya karɓe kekensa, na koma kai abinci a ƙafa. Labbo ya yi dariya har ya kwanta, ya ce ai darasin gobe ke nan na je na koyo ni kaɗai. Na je zance Hajo ba ta fito ba, na koma aka ce tana daka, na sake komawa aka ce ta yi barci tun rana ba ta faɗi ba. A gona in na hango Baba Ladan sai in sake hanya, in kuwa ba makawa in zube tun daga nesa, ya amsa kamar kullum, ba ƙari ba ragi. Wannan ya fi komai damuna. Da ya zage ni da na san inda nake. Na kasa cin abinci, na kasa gane ko an kore ni ne ko ba a kore ni ba, kuma ba wanda zan tambaya. Aka cire albasa, aka shanya, aka ɗura a buhuna, raƙuman ɗan Kagara suka zo suka kwashe. Mahaifina ya ce zai tura baffana ne kawai don a cika al'ada, kada a ce mun fara magana mun gudu. Baffa ya tafi da safe, ya dawo kafin azahar, ya zauna ya sha ruwa, ya ce Ladan ya ce ya ba ni. Na tambayi dalili, ya ce shi ba a aike shi neman dalili ba.

To, mutanen gari ba sa barin abu ba dalili, sai suka ƙera masa. Labbo ya ce tsallen ne ya burge tsohon, saboda haka shi ya yi mini aure, kuma har ya koma Boyekai da zama, har Allah ya karɓi abinsa, bai daina neman tukuici ba. Wasu suka ce idon Baba Ladan ne ya fara rauni, bai ma san a sama nake ba. Amma maganar da ta zauna ita ce ta dattawan masallaci. Suka ce gwaji ne. Ya tsaya ne da gangan, ya ja gaisuwar, don ya ga inda yaron zai zaɓa ya faɗi, kan mutum, ko kan dukiya, ko kan kansa. Abin da babba ya hango, in ji su, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle keke. Wannan ta yi mini daɗi, na ɗauka na riƙe. Shi kansa bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma suruki ba abin tambaya ba ne. Na yi masa noma, na yi masa jinya, na shiga kabarinsa na karɓe shi, kullum da nauyin wannan hikima tasa a zuciyata. 'Ya'yana duka sun ji labarin, jikoki ma sun ji, kuma kullum da darasinsa a ƙarshe. In ina bayarwa Hajo takan ci gaba da tsince shinkafarta, wani lokaci in ga kafaɗunta suna motsi, in ɗauka tari ne.

Bara da damina ciwo ya kwantar da ita. Wata rana da yamma ina zaune a bakin gadonta ina yi mata fifita, ba abin da za mu ce wa juna da ba mu faɗa ba, sai na ɗauko tsohon labarin don in ga ta yi murmushi. Na kai wurin gwaji, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Malam, bari hakanan. Wane gwaji? Tsoro na."

Na ce tsoron me.

"Ina bayan shinge, ina ganin ƙahwahun Baba. Rawa sukai har wando na kaɗawa. Ya kasa gaba ya kasa baya, gaisuwa ta kaɗai ta zo mishi ga baki. Da munka isa gida sai da nij jiƙa mishi tsamiya."

Ta huta, ta ci gaba a hankali. Ta ce a daren ubanta ya rantse mahaukaci ba zai shiga gidansa ba, ya ce ɗan Kagara za a ba. Shi ya sa ba ta fito zance ba, an hana ta. Sai ta je wurin kakarta, uwar Baba Ladan, ta kwashe duk abin da ta gani ta gaya mata, har da rawar wando. Tsohuwa ta kira ɗanta ɗaki, ta ce masa ko dai ya ba yarinya wanda take so, ko kuma gobe matan bakin rijiya su ji yadda keke ya sa Ladan makyarkyata. Ya yi kaffarar rantsuwarsa a ɓoye, ya ba da ita.

Na ajiye maficin. Na ce to ita me ta gani a wurin mutumin da ke zaune cikin laka. Ta ce ɗan Kagara tun da yake zuwa bai taɓa ba ta dariya ba. Na dube ta da kyau, don na san halinta, mace ce da ta taɓa sa ni na je har Rabah neman wani ɗan'uwanta da ba a taɓa haifa ba. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, gaskiya ne ko tsokana. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa, ta juya ta fuskanci bango.

"Mi za ka yi da gaskiya yanzu, Malam? An kira la'asar, tahi."

Na tafi masallaci da niyyar in na dawo in sake tambaya. Na dawo na tarar mata sun cika ɗakin, washegari ciwon ya yi tsanani, kuma daga nan ba ta ƙara doguwar magana da kowa ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a bayan shingen nan ya tafi, daga uban har kakar har ita. Na daina ba jikoki labarin, don ban san wane darasi zan sa a ƙarshe ba. In na idar da salla ina ambaton su biyun, uba da ɗiya, in roƙa musu rahama. Sai dai shi na yi shekara da shekaru ina yi masa godiya yana raye yana ji. Ita kuwa kullum tana gabana tana ajiye mini kwanon tuwo, ban taɓa ce mata na gode da auren da ta ƙwato mana ba, don ban sani ba.